Marrakesh, Garin da Dillalan Zamani Suka Yi Dandazo

A wannan fitowar zan ɗauke ki ne mu leƙa ƙasar Maroko, birnin Marrakesh, inda na raka ƙanwata wani babban taro na masu sana'ar fasahar zamani da ake kira GITEX Africa. An yi shi ne daga Litinin 14 zuwa Laraba 16 ga Afrilun 2025, wato cikin Shawwal, mako biyu bayan ƙaramar salla. Shi ne karo na uku, domin a 2023 aka fara shi, kuma reshe ne na wani tsohon taro da ake yi a Dubai tun 1981.

Sana'ar ƙanwar tawa ita ce talla a intanet. Idan dattawan gidanmu suka tambayi aikinta nakan ce musu dillaliya ce, don shi ya fi kusa da gaskiya. Dillaliyar da muka sani takan ɗauko atamfa ko kwanuka ko sarƙa daga wannan gida ta shiga da su wancan, ta san wadda ke shirin aurar da 'ya, ta san wadda kwasar adashi ta zo kanta, ta san wadda ba ta biyan bashi, a ƙarshe ta cire la'adarta. To ita ma tawa haka take, illa dai ba ta taka ko'ina. Tana zaune ne da kwamfuta da waya biyu, mata masu sayar da turaren wuta da yadi da yaji da kayan kicin suna ba ta hotunan hajarsu da kuɗin talla, ita kuma ta san yadda za ta sa Facebook da Instagram da Google su kai hoton gaban idon wadda ake sa ran za ta saya. Ma'aikata uku gare ta, duk mata.

Sai da aka kai ruwa rana a gida kafin a yi tafiyar nan. Kuɗin jirgi da biza da masauki idan aka haɗa su jari ne guda, kuma daga cikin ribar sana'arta za su fita, ga albashin yaran da ke ƙarƙashinta. Mahaifiyarmu ta ce ba ta ga dalilin da wadda aikinta duk a waya yake za ta kwashi ƙafa har wata ƙasa don ta ga mutane ba. Ni ma tambayar ta tsaya mini a rai, na tafi da ita. Daga ƙarshe maigidanta ya amince bisa sharaɗin yayanmu zai raka mu, ni kuma aka saka ni saboda ɗan Larabcin da na karanta a kwaleji, nawa maigidan ya yi mini izini, na bar aji a hannun wata malama na mako ɗaya.

Daga Legas muka tashi, bayan kamar awa huɗu da rabi muka sauka a Kasablanka. A ƙarƙashin filin jirgin akwai tashar jirgin ƙasa, daga nan muka shiga gari muka canza wani jirgin zuwa Marrakesh, tafiyar kusan awa uku. Da farko ƙasa kore shar, gonakin alkama da itatuwan zaitun jere-jere, sannu a hankali sai ta fara bushewa tana yin ja, har ki rantse hanyar Katsina kike. Agogonsu ɗaya da namu in ba a watan azumi ba, amma rana ba ta bin agogon. Azahar sai wajen ɗaya da rabi, magariba kuwa sai ƙarfe takwas na dare, ga rana tarwai da ƙarfe bakwai. Kuma a lokacin da Kano ke tafasa da zafin bazara, can da asuba sai da rigar sanyi. Idan gari ya washe kika dubi kudu, ga duwatsun Atlas can da dusar ƙanƙara a kansu, alhali ke kina tsaye a gindin dabino. Ikon Allah ke nan.

Jan Birni ake yi wa Marrakesh laƙabi, kuma ya ci sunansa, don kusan kowane gini launin jan ƙasa ne. Duk wadda ta tashi tana ganin badalar Kano da Gidan Makama ba za ta ji baƙunta sosai ba. Murabiɗai ne suka kafa garin wajen shekarar 1070, a zamanin Abubakar ɗan Umar da Yusuf ɗan Tashfin, ɗansa Aliyu kuma ya kewaye shi da ganuwa a shekarun 1120. Tsawonta ya kai kilomita 19, kuma tana nan a tsaye da ƙofofinta, ana gyara ta ana lallaɓa ta. Na tuna tamu da ake yanka ana gina shaguna a kanta, na yi shiru. Masaukinmu a cikin tsohon gari yake, irin gidajen da suke kira riyad. Daga waje bango ne kawai da 'yar ƙaramar ƙofa a lungu, amma kina shiga sai ga tsakar gida da bishiyar lemo da ɗakuna kewaye, sama da ƙasa. Tsarin gidan Bahaushe sak, na waje ba ya hango na ciki.

Wurin taron yana Bab Jadid, wato Sabuwar Ƙofa, daga wajen ganuwa. Manya-manyan tantuna ne aka kakkafa, amma idan kina ciki ba za ki taɓa cewa tanti ba ne, ga darduma, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga fitilu kamar gidan biki. Garin ya saba da irin wannan, don shi ya karɓi taron sauyin yanayi na duniya a 2016, da taron Bankin Duniya da Asusun Lamuni a Oktoban 2023. Masu shirya namu taron sun ce kamfanoni sama da 1,400 ne suka baje koli, mahalarta kuma daga ƙasashe sama da 130. Ba a shiga sai da rajista. Kowa za a ba shi kati ya rataya a wuya, da sunansa da na kamfaninsa da wata lamba mai ɗigo-ɗigo da ake haskawa da waya, wadda ake ce wa QR. Abin dariya, idan mutum ya tunkaro ki, katin yake fara kallo kafin fuskarki, ya auna ko kin isa ya ɓata minti biyar a kanki. Nawa katin sunan kamfanin ƙanwata ne a jiki, saboda haka na wuni ana ɗauka ta hajiya mai kamfani.

Ciki kuwa kasuwa ce, Kantin Kwari ta masu kwat da lakatai. Rumfar bankuna daban, ta kamfanonin waya daban, ta gwamnatoci daban, can gefe kuma ƙananan tebura na matasa masu sababbin kamfanoni, kowa ya tsaya yana jiran mai kuɗin da zai zuba masa jari. Faransanci ya fi yawa a kunne, sai Turanci, sai Larabcin Maroko da suke kira Darija, wanda ya sha bamban da na littafi. Idan na yi musu Larabcin makaranta sai su yi murmushi su amsa mini da irinsa, wata ma ta ce ina magana kamar mai karanta labarai a talabijin. 'Yan Nijeriya sun yi yawa ƙwarai, sai dai akasari daga Legas. Mata 'yan Arewa da na gani ba su cika yatsun hannu biyu ba.

Kalmar da ta cika wurin ita ce ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin nan irin su ChatGPT da ya fito a ƙarshen 2022, masu rubutu da zane da amsa tambaya kamar mutum. Kowace rumfa sai ta liƙa sunan a allonta, har wadda na'urar buga rasit kawai take sayarwa. A wata rumfa wani saurayi ya nuna mana manhajar da ya ce za ta riƙa amsa wa masu saye saƙo a WhatsApp cikin dare alhali mai kaya tana barci, kuma wai tana jin Hausa. Na ce a ba ni in gwada. Na rubuta mata yadda mata ke rubutawa, na yi sallama, na tambayi kuɗin turmi, na taya, na ce a yi mini ragi don Allah. Gaisuwa ta amsa lafiya lau, farashi ma ta faɗa daidai. Da aka zo wajen tayi sai ta hau ba ni haƙuri da wata irin Hausa mai sanyi kamar ta takardar asibiti, ba ta san a ce albarka ba, balle ta san cewa wadda ta ce ta fasa ba ta fasa ba. Ƙanwata ta ce duk da haka za ta yi amfani wajen tambayoyin da ake maimaitawa sau ɗari a rana, irin su nawa ne, kuna ina, kuna aikawa Zariya. Na yarda da ita a nan. Amma ciniki tsakanin mata Hausawa rabinsa zumunci ne, wannan kuwa na'ura ba ta kai can ba tukuna.

Akwai dandamali da yawa inda ake jawabai, mutum huɗu ko biyar a jere a kan kujeru, kowa da abin magana. Gaskiyar magana, da yawansu talla ce aka yi wa rawani aka kira ta lacca. Mutum zai fara da matsalar Afirka, kafin minti goma ya ɓulle da cewa kamfaninsa ne maganinta. Sai dai a cikin tsakuwa akan tsinci gero, kuma abin da na tsinta, haɗe da bayanin da ƙanwata ta riƙa yi mini a kunne, shi nake so in ba ki, musamman ke da kike 'yar sana'a a ɗaki.

Na farko, tallar da kike gani a Facebook gwanjo ce. Duk lokacin da kika buɗe wayarki, kafin ƙiftawar ido an yi gwanjo tsakanin masu son hajarsu ta bayyana a gabanki. Ba wanda ya fi zuba kuɗi ne kaɗai ke ci ba. Na'urar tana haɗa abu uku: abin da mai talla ya taya, da hasashenta na ko ke ɗin za ki kula tallar, da kyawun tallar kanta. Shi ya sa hoto mai haske da aka ɗauka a tsakar gida da safe, da bayani gajere na gaskiya, kan iya kayar da na mai kuɗi. Mai talla kuma ita ke zaɓen waɗanda za a nuna wa, misali mata 'yan shekara 25 zuwa 45 mazauna Kano da Kaduna. Akasari ana cajin kuɗi ne a kan yawan idon da ya gani ko yawan waɗanda suka danna, ko an saya ko ba a saya ba. Tun Janairun 2022 kuma akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 a kan kuɗin tallar Facebook a Nijeriya.

A nan ne mata da yawa ke zubar da kuɗi ba su sani ba. Bari mu yi lissafi na misali. A ce kin ba da naira 20,000 an yi miki talla, mutum 200 suka turo miki saƙo. Kin wuni kina amsa waya, kina jin kasuwa ta buɗe. Amma a cikinsu goma ne suka saya. Kin ga kowace mai saye ta tsaya miki a kan naira 2,000 ke nan. Idan ribarki a kan turmi 1,500 ce, to faɗuwa kika yi, ga data, ga wuni. In ba ƙira, me ya ci gawayi? Tallar ba za ta zama riba ba sai idan waɗannan goman sun dawo sun sake saye ba tare da kin sake biya ba, ko sun kawo miki 'yan uwansu. Don haka masu wannan sana'a ba sa ruɗuwa da yawan mabiya ko yawan masu yaba hoto. Abu biyu suke ƙirgawa, nawa aka kashe kafin a samu mai saye ɗaya, kuma sau nawa ta dawo. Wadda kuwa ta nuna yadi mai kyau a hoto ta aika da wani daban, ta ci riba sau ɗaya ta kashe kasuwarta, ban da alhakin algus da ta ɗauka.

Na biyu, shafinki na Instagram ko Facebook rumfar haya ce, mai kasuwa na iya rufe ƙofa ba tare da ya yi shawara da ke ba. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke ɗif a duniya baki ɗaya na kimanin awa shida. A shekarar ce kuma gwamnatin Nijeriya ta dakatar da Twitter, wanda yanzu ake kira X, daga Yuni har Janairun 2022, masu sana'a a kansa suka shiga tasku. Ga kuma 'yan damfara da ke sace shafi da hanyar tambayar lambar sirri da aka turo miki. Zanen aro ba ya rufe katara. Shawarar da na ji ana ta maimaitawa da harsuna uku ita ce mai sana'a ta mallaki jerin sunaye da lambobin masu sayenta a wani wuri nata na kanta. Na ce a raina, ai wannan shi ne littafin bashi na dillaliya, an dai sa masa sabon suna.

Sai dai lambar mutane amana ce, kuma yanzu har doka ta shigo ciki. A Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda ta ba mutum haƙƙin ya ce a daina turo masa talla. Kwasar lambobin mata daga zauren WhatsApp na biki ko na makaranta a riƙa jefa musu hotunan kaya ba da izininsu ba, bai dace ba ko da babu doka. Ni kaina na ɗanɗana a taron. Duk rumfar da na tsaya sai a nemi haska katin wuyana, ashe da haskawar nan sunana da adireshina na saƙo sun shiga kundinsu. Har na dawo gida wasu kamfanoni na aiko mini da saƙo da Faransanci suna gode mini a kan ganawar da muka yi, alhali alewa kawai na ɗauka a teburinsu. Haka wayarki ma take yi. Idan kika duba takalmi a wani shafi, sai ki ga takalmin yana bin ki duk inda kika shiga kwana da kwanaki. Ba aljani ba ne, alama aka ajiye a wayar, kuma mai takalmin ya biya a riƙa tuna miki. Ki tuna da wannan idan kina miƙa wa yaro wayarki, domin abin da ya kalla shi za a riƙa ƙaro masa.

Yadda ƙanwata ta tafiyar da kwana ukun nan ya burge ni, duk da ni na goya ta. Tun muna gida ta shiga manhajar taron ta duba sunayen kamfanoni, ta nemi ganawa da waɗanda take buƙata, aka sa mata lokaci. Jawabi biyu ko uku kawai ta zauna ta saurara, ta ce sauran za ta same su a intanet kyauta. Abin da ta biyo shi ne fuska da fuska. Wani kamfanin karɓar kuɗi da ta yi wata biyu tana aika wa saƙo ba amsa, a nan ta tsaya gaban ma'aikaciyarsu minti goma sha biyar aka warware matsalar. Kowane kati aka ba ta sai ta juya bayansa ta rubuta abin da suka tattauna. Da dare, ni ina jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, ita tana kan gado tana aika wa kowa saƙo tun bai manta da fuskarta ba. A nan na samu amsar tambayar mahaifiyarmu. Mutanen da suka fi kowa sanin intanet su ne ba sa yarda su damƙa wa mutum kuɗi ko amana sai sun gan shi ido da ido. Su ma ba sa son cinikin biri a sama.

Mafi amfanin haɗuwar ma ba a rumfa aka yi ta ba, a layin shayi ne. Wata Balarabiya mai kimanin shekaruna ta ga lulluɓinmu ta yi mana sallama, ashe ita ma sana'arsu ɗaya da ƙanwata. Tana tallata man argan ne na ƙungiyoyin matan karkara da ke kudancin ƙasar, waɗanda ke fasa ƙwallon da dutse kamar yadda namu ke yi da kaɗanya. Na zama tafinta a tsakaninsu. Ta ce su a can yawancin masu saye ba sa biya sai kaya ya iso hannunsu, saboda haka babban ciwon kansu shi ne wanda zai yi oda, a ɗauki kaya har ƙofar gidansa, ya kashe waya. Maganin da suka samo shi ne a kira mutum a ji muryarsa kafin kaya ya bar shago. Ƙanwata ta ce mu namu akasin haka ne, mai saye ce ke tura kuɗi tana addu'a, ga kuma masu turo rasit na bogi. Suka yi dariya, suka yi musayar lamba. Sun daɗe kuma a kan wahalar biyan kuɗi tsakanin ƙasashen Afirka. Mai saye tana Maraɗi ko Kumasi, tana son kaya, amma sai an bi ta hannun ɗan canji ko direban mota. An ƙaddamar da wani tsari mai suna PAPSS a Accra a Janairun 2022 domin kowa ya biya da kuɗin ƙasarsa, kamfanoni da dama a wurin kuma a kan wannan matsala suke neman abinci. Su kuwa manhajojin aiki kusan duk da dala ake biyansu, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023, ta haura 1,500 a lokacin tafiyarmu. Rumfuna da yawa da jin farashi sai godiya.

Bayan an tashi da yamma akan yi liyafa a manyan otal-otal, da kiɗa da abin sha, kuma ana cewa a can ake ƙulla manyan harkoki. An gayyace mu biyu, ba mu je ko ɗaya ba. Waɗanda ƙanwata ke son gani sai ta nemi su haɗu da safe a wurin karin kumallo, ga yayanmu a gefe, kuma ba wanda ya ƙi. Wannan na faɗa ne saboda maigidan da zai karanta shafin nan a ɓoye.

Daga wurin taron zuwa masallacin Kutubiyya 'yar tafiya ce a ƙafa, can muke zuwa salla. Muwahhidai ne suka gina shi a ƙarni na 12, hasumiyarsa ta kai kimanin mita 77, ana hango ta daga ko'ina saboda ba a barin gini ya yi tsawo a kewayenta. Sunan ya samo asali ne daga masu sayar da littattafai da suka taɓa cika gindinsa. Da liman ya tayar da karatu a magariba sai na ji tsigar jikina ta tashi, Warshu ce tsantsa irin ta makarantar allo. Bayan salla kuma sai maza suka zauna suka ɗauki hizbi guda da murya ɗaya, haka suke yi safe da magariba, su sauke duk wata. Na buɗe Alƙur'anin da ke wajen mata, ga fa'un da ɗigo a ƙasa, ga ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, yadda kakanmu ke rubutawa a allo. Mazhabarsu ma Malikiyya ce irin tamu.

Ranar Alhamis da taro ya ƙare muka zaga gari. Mun shiga makarantar Ibn Yusuf, wadda Sarki Abdullahi al-Galib ya gina wajen 1565, da ɗakunan ɗalibai kusan 130, wasu ba su fi a shimfiɗa tabarma ɗaya ba. An daina karatu a cikinta a 1960, yanzu 'yan yawon buɗe ido ne ke ɗaukar hoto. A garin nan ne kabarin Alƙali Iyad yake, mai littafin Ashafa da ake karantawa a masallatanmu, wanda ya rasu a 1149, haka ma Imam Jazuli mai Dala'ilu. Nan kuma aka kawo Shehu Ahmad Baba na Timbuktu a ɗaure a 1594, bayan sojojin Maroko sun ci daular Songhai, ya zauna yana karantarwa har aka bar shi ya koma gida wajen 1608. A wasu lungunan har lokacin akwai katakan da aka tokare bango da su, tabon girgizar ƙasar 8 ga Satumban 2023 da ta kashe mutum kusan 3,000, akasari a ƙauyukan kan duwatsu. Allah Ya jiƙansu.

Kasuwar tsohon gari kuwa makaranta ce ga mai koyon talla. A dandalin Jami'ul Fana masu lemon matsi suna jere, kaya iri ɗaya, farashi kusan ɗaya, kowa da salon kiransa. Da sun ga baƙar fata sai ka ji ana Nijeriya, Senegal, hajiya. Masu lalle kuma sai a yi hattara, kina miƙa hannu an zana, sai biya. Na tsaya a layin dukawa ina shafa jakunkuna, na tuna cewa fatar da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, da yawanta ta jan akuyar Sakkwato ce da majeman Kano suka jeme, ta ƙetara Sahara a bayan raƙuma. Mu ke da kaya, wani ke da suna, don shi ya kai kasuwa. Abincin da ba zan manta ba shi ne tanjiya: nama ne ake zubawa a tulun ƙasa da tafarnuwa da kamun da za'afaran da lemon tsami da aka jiƙa a gishiri da man shanu, a rufe baki da takarda, a kai wa mai hura wutar gidan wanka ya binne a toka mai zafi na awoyi. Ba a ƙara ruwa sai kaɗan, amma naman da cokali ake yankarsa. Wai girkin maza ne.

A jirgin dawowa abin da ya riƙa yi mini yawo a ka shi ne kujerun ajina. Duk malamar Islamiyya ta san yarinyar da ba ta zuwa ranar kasuwa, da wadda ke shigowa a makare da ƙanshin man ƙuli a hijabinta don sai ta sayar da faranti kafin a bar ta ta taho. Uwar ba muguwa ba ce, tana ɗaki, kuma dole wani ya kai hajarta inda ido zai gani. Waya ba za ta sayar da awarar naira ɗari ba, wannan gaskiya ne. Amma mai turare, mai ɗinki, mai yaji, mai dubulan da alkaki na biki, duk suna iya samun oda daga ɗaki, ɗan sahu ko yaro babba ya kai. Wannan kuwa ba ya buƙatar zuwa Maroko, WhatsApp Business kyauta ne, kuma yana da wurin jera kaya da farashinsu.

Tafiya irin wannan, a ganina, ta wadda sana'arta ta riga ta tsaya da ƙafarta ce, tana da takamaiman mutanen da za ta gani da tambayar da za ta yi musu. Wadda ke farawa kada ta taɓa jarinta, balle ta ci bashi don ta ɗauki hoto da kati a wuya. Ta fara da kasuwar baje koli ta Kano ko ta Kaduna da ake yi duk shekara. Shi kansa GITEX an kawo shi gida, an yi na Nijeriya karo na farko a Abuja da Legas a farkon Satumban 2025. Ita ƙanwata ta dawo da kati sama da arba'in, waɗanda suka zama wani abu uku ne: kamfanin karɓar kuɗin nan, da wani mai jigilar kaya, da Balarabiyar layin shayi. Kuɗin tafiyar bai dawo ba sai bayan wata bakwai. Kwalin man argan na farko ya iso Kano kafin babbar salla, na turaren wuta kuma ya tafi can a madadinsa, mahaifiyarmu ce ma ta zaɓi haɗin da aka aika.